Yadda Ake Bitar Facin da Ya Taɓa `delayed_work` a Kanel ɗin Linux

Layin da ke ɗana jinkirtaccen aiki (`delayed_work`) gajere ne: `schedule_delayed_work(&priv->poll, HZ)`. Wato bayan daƙiƙa ɗaya a gudanar da wannan aiki a bayan fage. Wanda ya kira shi ya kama gabansa, amma kanel ya riƙe adireshin `priv` (tsarin da direba ke ajiye bayanansa) a agogonsa, kuma idan lokaci ya cika zai dawo ya taɓa wurin, ko mai shi na raye ko tuni an sallami memorinsa. Yawancin ɓarnar da ake samu a irin wannan kod daga nan take fitowa. Saboda haka tambayar farko ta mai bitar faci (gyaran kod da aka aiko don a karɓa) ita ce: wa ke iya ɗana agogon, wa ke kwance shi, kuma wanne ke riga wanne? Abin da aikin kansa ke yi yana zuwa daga baya.

Mataki na 1: Ka riƙe halaye huɗu a kanka

A cikin `struct delayed_work` akwai `work_struct`, da `timer_list`, da manunin layin aikin (workqueue) da za a kai shi, da lambar CPU. Tun da Tejun Heo ya sake fasalin layukan aiki a siga ta 2.6.36 a 2010, ma'aikatan `kworker` na haɗaka ne ke ɗaukar aikin, ba kowane layi da nasa zaren ba. A kowane lokaci aikin na cikin ɗayan halaye huɗu: yana zaune ba a ɗana shi ba, agogonsa na ƙirgawa, agogo ya buga yana jira a layi, ko ma'aikaci na gudanar da shi.

Abin da ke rikita mutane shi ne hali na huɗu yana haɗuwa da na biyu. Tutar `PENDING` ana sauke ta ne daf da fara gudanar da fankshin ɗin, ba bayan ya gama ba. Ke nan aiki na iya kasancewa yana gudana, kuma an sake ɗana agogonsa a lokaci guda.

Kowane kira da halin da yake iya magancewa. `cancel_delayed_work()` yana kwance agogo ko ya cire aiki daga layi, amma ba ya jiran wanda ke gudana. Shi ya sa ake iya kiransa ko daga cikin mai amsa IRQ (katsewar da na'ura ke aiko wa CPU). `cancel_delayed_work_sync()` yana yin haka kuma ya jira, don haka yana iya barci. `flush_delayed_work()` ba ya soke komai, yana kwance agogon ne ya tura aikin layi nan take ya jira ya gama. Idan ka ga `cancel_work_sync(&priv->poll.work)` ko `flush_work(&priv->poll.work)`, ka tsaya nan: waɗannan ba su san da agogo ba, aikin da ke hali na biyu ba nasu ba ne.

Mataki na 2: Ka ƙirga duk hannun da ke ɗana shi

Facin yana nuna maka layukan da aka canza ne kawai, alhali kuskuren sau da yawa yana inda ba a taɓa ba. Ka ɗora facin a kan reshensa na git, ka nemi sunan filin a duk faɗin direban:

```
git grep -n "priv->poll" drivers/misali/
```

Ka raba abin da ya fito gida uku a takarda: inda aka yi `INIT_DELAYED_WORK`, inda ake ɗanawa, inda ake sokewa. Gaban kowane mai ɗanawa ka rubuta daga wane yanayi yake zuwa (mai amsa IRQ, wani agogo, rubutu a sysfs (fayilolin `/sys`), `ndo_open` (buɗe katin sadarwa), sanarwar wani sashe, ko fankshin ɗin aikin da kansa) da makullin da ke hannunsa a lokacin. Wannan takardar ita za ka yi ta komawa kanta har ƙarshen bitar.

Shiryawa ya kamata ya zama sau ɗaya, kuma kafin kowane mai ɗanawa ya samu hanya. `request_irq()` da ya riga `INIT_DELAYED_WORK` kuskure ne, domin katsewa na iya shigowa tun kafin kiran ya dawo, musamman a layin IRQ na haɗaka. Haka nan `register_netdev()` ko ƙirƙirar fayil a sysfs: da zarar sun dawo, mai amfani na iya ƙwanƙwasa ƙofa. Sake yin `INIT_DELAYED_WORK` a cikin `open` ko a hanyar sake kunna na'ura ma abin zargi ne. In agogon na ƙirgawa aka sake shirya shi, an goge manunan da ke haɗe shi da jerin agogunan kanel, kuma faɗuwar da za ta biyo baya takan bayyana a wani wuri can da ba ruwansa.

Ka kuma leƙa layin farko na fankshin ɗin. Hanyar da ta dace ita ce `container_of(to_delayed_work(work), struct misali, poll)` ko `container_of(work, struct misali, poll.work)`. In facin ya mayar da `work_struct` na da zuwa `delayed_work`, nan ne ake mantuwa.

Mataki na 3: Ka karanta daga rushewa zuwa baya

Nan za ka kashe rabin lokacinka. Fara daga wurin da ake sakin memorin da `delayed_work` ke ciki, ka yi ta komawa baya. Jerin da ake so shi ne: a toshe duk masu ɗanawa, sannan a soke a jira, sannan a saki abubuwan da aikin ke taɓawa, sannan a saki memorin. Dubi wannan, wanda a ido kamar lafiya lau (`probe` na gudana in direba ya kama na'ura, `remove` in ya sake ta):

```c
static int misali_probe(struct platform_device *pdev)
{
	priv = devm_kzalloc(dev, sizeof(*priv), GFP_KERNEL);
	INIT_DELAYED_WORK(&priv->poll, misali_poll);
	return devm_request_irq(dev, irq, misali_irq, 0, "misali", priv);
}

static irqreturn_t misali_irq(int irq, void *data)
{
	mod_delayed_work(system_wq, &priv->poll, msecs_to_jiffies(20));
	return IRQ_HANDLED;
}

static void misali_remove(struct platform_device *pdev)
{
	cancel_delayed_work_sync(&priv->poll);
}
```

Kayan `devm` (waɗanda kanel ke saki da kansa a madadin direba) ana sakin su ne bayan `remove` ya dawo, daga na ƙarshe zuwa na farko. Don haka lokacin da sokewar ta kammala, IRQ na nan a kunne. Katsewa ɗaya ta faɗo a wannan ɗan tsakanin, ta ɗana agogo na milisakan 20. Sai a saki IRQ, a saki `priv`, bayan milisakan 20 kanel ya zo ya tarar da `timer_list` a memorin da wataƙila an riga an ba wani. An share ɗaki ne ƙofa a buɗe.

Gyaran da ya fi tsafta a nan shi ne `devm_delayed_work_autocancel()` daga `linux/devm-helpers.h`, a kira shi kafin `devm_request_irq()`. Da aka juya jerin, IRQ ce za ta fara tafiya (kuma `free_irq()` na jiran mai amsawar da ke gudana), sai sokewa, sai memori. Amma kada ka sa hannu don ka ga sunan `devm` kawai. Duk abin da aka samo da `devm` bayan wannan kiran, za a sake shi kafin a soke aikin. In fankshin ɗin na amfani da ɗaya daga cikinsu, an kauce wa rami ne an faɗa wani.

Akwai zagayen da jeri kaɗai ba ya warwarewa: IRQ na ɗana aiki, aikin kuma in ya gama yana kiran `enable_irq()`. Ko ayyuka biyu, A na ɗana B, B na ɗana A. Ka soke A, kana cikin jiran B, B ya sake ɗana A. Tun siga ta 6.10 akwai `disable_delayed_work_sync()`, wanda bayan sokewa yake hana duk wani sabon ɗanawa har sai an kira `enable_delayed_work()`. A wurin rushewa, in reshen yana da shi, shi ya fi dacewa a nema. In facin za a mayar da shi tsofaffin rassa, sai tutar tsayawa, kuma ita ma tana da nata tarkon:

```c
if (!priv->stopping)
	queue_delayed_work(wq, &priv->poll, delay);
```

CPU ta farko ta karanta tutar ta ga ba a ɗaga ba. Kafin ta kai layi na biyu, CPU ta biyu ta ɗaga tutar, ta kira sokewa, ba ta tarar da komai ba, ta wuce ta saki memori. Sai ta farko ta ɗana. Dole karanta tutar da ɗanawar su kasance a ƙarƙashin makulli ɗaya da wanda ake riƙewa wajen ɗaga ta, sokewar kuma ta zo bayan an saki makullin. `READ_ONCE()` ba ya rufe wannan giɓin.

Aikin da ke sake ɗana kansa shi kaɗai ba ya bukatar tuta. `cancel_delayed_work_sync()` an gina shi ya iya da wannan. Marubuta da dama na ƙara tutar don tsoro, ba laifi ka ce a cire.

Abu uku da ake yawan tsallakewa. Na ɗaya, hanyoyin kuskure na `probe`: in an ɗana aikin a tsakiya kuma wani mataki na gaba ya gaza, `remove` ba zai gudana ba, dole lakabin `goto` ya soke shi. Ka bi kowane `goto` da yatsa. Na biyu, `destroy_workqueue()` yana kwashe abin da ya riga ya shiga layi ne. Aikin da agogonsa ke ƙirgawa bai shiga ba tukuna, kuma in ya buga zai nemi layin da babu shi. A soke kafin a rushe. Na uku, cire modul: ko da memorin bayanai na nan, kod ɗin fankshin ɗin kansa ya tafi da modul ɗin. `DECLARE_DELAYED_WORK` na gama-gari yana bukatar sokewa a `module_exit`.

An yarda fankshin ya yi `kfree()` ga tsarin da ke ɗauke da aikinsa, kanel ba ya sake taɓa shi bayan kiran. Sai dai in haka ne, ba wani da ke da ikon kiran sokewa a kansa daga waje, sai da ƙididdigar masu riƙo (refcount, lissafin masu amfani da tsarin).

Mataki na 4: Makullai da kiki-kaka

Duk inda ka ga kira mai `_sync` ko `flush`, ka koma takardarka ka tambaya: wane makulli ke hannun mai kiran, kuma fankshin ɗin aikin yana neman sa? In amsar e ce, mai sokewa na jiran aiki ya gama, aiki na jiran makulli, an yi kiki-kaka. Makullin ba lallai ne ya bayyana a fayil ɗin ba. `ndo_stop` ana kiransa da `rtnl_lock` a hannu, don haka direban katin sadarwa da aikinsa ke kiran `rtnl_lock()` ba zai iya sokewa da jira a can ba. Mafita ko dai a kai sokewar `remove` bayan `unregister_netdev()`, ko aikin ya yi amfani da `rtnl_trylock()`, in bai samu ba ya sake ɗana kansa ya fita.

Irin wannan na faruwa da sarrafa wuta: aikin ya kira `pm_runtime_get_sync()`, shi kuma `runtime_suspend` ya kira `cancel_delayed_work_sync()`. Kowa na jiran ɗan'uwansa, ba tare da an ga `mutex` ko ɗaya a kod ɗin ba.

Ka bi kiraye-kirayen fankshin ɗin har ƙasa, ko akwai hanyar da za ta kai shi ga soke kansa da `_sync`. Yakan faru ne ta hanyar kuskure: aikin ya ga na'ura ta maƙale, ya kira fankshin ɗin sake kunnawa, wanda a cikinsa akwai sokewar. Yana jiran kansa ke nan har abada.

In marubuci ya guje wa kiki-kaka ta hanyar cire `_sync`, ka duba me ya biyo baya. In sakin memori ne ko kashe agogon bugun na'ura (clock), ya sayar da cijewa ne ya sayi faɗuwa. Sokewa marar jira tana da wurinta, misali a cikin `spinlock`, amma da sharaɗin fankshin ɗin zai jure gudana sau ɗaya bayan an soke shi, kuma akwai sokewa mai jira a wani wuri kafin rushewa.

Mataki na 5: Lambar jinkirin

Ma'aunin jinkirin `jiffies` ne (bugun agogon kanel), tsawon kowane ɗaya kuma ya danganta da `CONFIG_HZ` (yawan bugu a daƙiƙa), wanda yawanci 100, 250, 300 ko 1000 ne. Lamba tsirara kamar 100 daƙiƙa ɗaya ce a HZ=100, milisakan 400 a 250, milisakan 100 a 1000. Ka nemi `msecs_to_jiffies()`, ko `secs_to_jiffies()` a sababbin sigogi.

Rabawa ta fi haɗari. `HZ / 200` a HZ=100 sifili ne, jinkirin sifili kuwa ba ya bi ta agogo sam, kai tsaye layi ake kai aikin. In mai sake ɗana kansa ne, ga `kworker` ya cinye CPU guda. `msecs_to_jiffies(5)` yana cikawa zuwa sama, ya ba da 1. Amma sifili in ya shiga sifili zai fito, don haka in lambar daga sysfs ko saitin modul take zuwa, ka nemi a yi mata iyaka ta ƙasa da ta sama.

Wani kuskuren yana zuwa ne daga facin da ke mayar da `mod_timer()` zuwa jinkirtaccen aiki. `mod_timer()` lokacin bugawa yake karɓa, shi ya sa ake rubuta `jiffies + HZ`. `queue_delayed_work()` kuwa tazara yake karɓa daga yanzu. In aka kwafo `jiffies + HZ` yadda yake, a injin 64-bit tazarar ta haura biliyan 4, domin `jiffies` daga babbar lamba yake farawa da gangan, don ƙananan bit 32 su zagayo minti 5 bayan kunnawa. Aikin ba zai zo ba sai bayan kwanaki, kuma ba gargaɗin da zai fito.

Jinkirin mafi ƙaranci ne ake alkawari, ba daidai ba. Tun gyaran da Thomas Gleixner ya yi wa agogunan kanel a siga ta 4.8, gwargwadon nisan lokaci gwargwadon kaurin ma'auninsa. A HZ=1000, tazarar da ba ta kai milisakan 64 ba ana auna ta da milisakan 1, ta daƙiƙa 1 da milisakan 64, ta daƙiƙa 60 kuwa da kusan daƙiƙa 4. Lattin na iya kai kashi ɗaya cikin takwas na tazarar, ban da jiran layi. In na'ura tana sake kunna kanta in ba a taɓa ta cikin daƙiƙa 60 ba, kuma marubuci ya sa 58, ka ƙi. Wanda ke bukatar daidaito `hrtimer` (agogo mai siririn ma'auni) zai ɗana, shi kuma ya kira `queue_work()`. Aikin da ke ɗana kansa a ƙarshen fankshin kuma zagayensa jinkiri ne haɗe da tsawon aikin da latti, don haka ba a lissafin gudu ko ƙididdiga da zaton tazarar ba ta canzawa. A karanta `ktime_get()`.

Ga aikin da ba gaggawa, kamar tattara ƙididdiga, `INIT_DEFERRABLE_WORK` ba ya tada CPU da ke hutawa, `round_jiffies_relative()` kuma na tara farkawa a kan cikar daƙiƙa. Shawara ce mai kyau ga na'urori masu batir. Ga aikin da ke da wa'adi na gaske kuwa, kada a kusanci na farkon.

Mataki na 6: `queue` ko `mod`

In tutar `PENDING` na sama, `queue_delayed_work()` ba ya yin komai, ya dawo da `false`, agogon da ke ƙirgawa ya ci gaba yadda yake. Ga inda yake cizo: aiki na zagayawa duk daƙiƙa 30, wani abu na gaggawa ya taso, marubuci ya kira `queue_delayed_work(wq, &priv->poll, 0)` yana zaton yanzu-yanzu zai gudana. Zai jira ragowar daƙiƙa 30 ɗin ne. `mod_delayed_work()` ake so a nan.

Shi ma `mod` da nasa aibin. Kowane kira yana tura wa'adin gaba, don haka in abubuwan da ke kiransa na zuwa duk milisakan 10 kuma jinkirin 20 ne, aikin ba zai taɓa gudana ba sai sun lafa. Ga maɓallin da ke rawa kafin ya zauna, haka ake so. Ga kwashe bayanai zuwa faifai, yunwa ce: aikin ba zai samu gudana ba. Ka tambayi marubucin wanne yake nufi, amsar ta shiga bayanin facin.

`cancel_delayed_work()` da `queue_delayed_work()` a jere, `mod` ne aka rubuta da dogon hannu. `if (!delayed_work_pending())` kafin ɗanawa kuma ba ya ƙara komai, kiran da kansa yana wannan binciken ba tare da giɓi ba.

In ana riƙe ƙididdigar masu riƙo saboda aikin, ka lura amsoshin biyu kishiyar juna ne. `true` daga `queue` na nufin sabon ɗanawa ne. `true` daga `mod` na nufin dama yana jira, agogo kawai aka gyara. Wanda ya ɗauki riƙo kafin kira zai mayar da shi in `queue` ya ce `false`, ko in `mod` ya ce `true`, haka kuma in sokewa ta ce `true`, tunda fankshin ɗin da zai mayar ba zai gudana ba. Facin da ya sauya `queue` zuwa `mod` bai juya sharaɗin ba ya ɓata lissafin.

Mataki na 7: Wane layi

`schedule_delayed_work()` layin kowa-da-kowa yake kai aiki. Ya wadatar ga gajeren aiki. Mai daɗewa yana da `system_long_wq`, mai cin CPU kuma ya fi dacewa da layi mai `WQ_UNBOUND`. `flush_scheduled_work()` ko `flush_workqueue()` a kan layin tsarin ba abin karɓa ba ne a sabon kod, jiran aikin duk duniya ne da makullanka a hannu.

Wuri biyu ne zaɓin layi ke zama batun daidai ko kuskure. Aikin da ƙwato memori lokacin ƙaranci ke dogara da shi (faifai, tsarin fayil, katin sadarwar da ma'adana ke bi ta kansa) dole ya hau layi mai `WQ_MEM_RECLAIM`. Wannan tuta tana ajiye zaren ceto guda, domin in memori ta ƙare kanel ba zai iya ƙirƙiro sabon ma'aikaci ba, aikin da zai samar da memorin kuma na jiran ma'aikaci. Irin wannan aiki kuma kada ya jira wanda ke layin da ba shi da tutar. `check_flush_dependency()` na kuka a kan haka. Na biyun shi ne jeri: `max_active` na 1 a layin da ke ɗaure da CPU ɗaya-ɗaya ne a kowace CPU, ba ɗaya a duk injin ba. Mai son ayyuka su bi juna `alloc_ordered_workqueue()` zai kira.

Kanel ya yi alkawarin aiki ɗaya ba zai gudana a CPU biyu lokaci guda ba, muddin ba a canza fankshin ɗinsa ba, ba a sake shirya shi ba, kuma ba a kai shi wani layi daban ba. In takardarka ta nuna wani wuri na kiran `schedule_delayed_work()` wani kuma `queue_delayed_work(priv->wq, ...)` a kan aiki guda, alkawarin ya warware.

Mataki na 8: Barcin na'ura

Layukan yau da kullum ba sa tsayawa don tsarin zai kwanta. Aikin da ke karanta rajistar na'ura na iya farkawa bayan an yanke mata wuta. Ko dai `suspend` ya soke `resume` ya sake ɗanawa, ko a hau `system_freezable_wq`, wanda ake daskarar da shi kafin a fara kwantar da na'urori. In an zaɓi na biyu, `flush` a cikin `suspend` cijewa ne, aikin da ke daskararren layi ba zai motsa ba. Daskarewar kuma ba ta shafi barcin da na'ura ɗaya ke yi ita kaɗai tsarin na aiki. Sannan `jiffies` ba ya ƙirga lokacin barci, agogon kuma ba ya tada injin: aikin minti 10 da aka kwanta saura minti 9, bayan farkawa ma saura minti 9.

Mataki na 9: Ka gwada, ka faɗaɗa giɓin

Gina kanel da `CONFIG_PROVE_LOCKING`, `CONFIG_DEBUG_ATOMIC_SLEEP`, `CONFIG_KASAN`, `CONFIG_WQ_WATCHDOG`, da `CONFIG_DEBUG_OBJECTS` tare da `_WORK`, `_TIMERS` da `_FREE`. `CONFIG_DEBUG_TEST_DRIVER_REMOVE` yana sa kowane direba ya yi `probe`, `remove`, `probe` tun a kunnawa. Sai ka yi ta cirewa da mayarwa ta fayilolin `unbind` da `bind` a `/sys/bus/platform/drivers/`, ko `modprobe -r`, na'urar na cikin aiki, ba tana zaune ba.

Giɓin rige-rige ƙanƙani ne, zagaye dubu na iya wucewa bai faɗa ba. Ka buɗe shi da hannu: `msleep(2000)` a farkon fankshin ɗin aikin, wani kuma bayan sokewa a `remove`. Abin da ke faruwa sau ɗaya a wata sai ya faru a gwajin farko.

`ODEBUG: free active` tare da `timer_list` na nufin an saki memori agogo na ƙirgawa, koma mataki na 3. Rahoton KASAN (mai gano taɓa memori ba bisa ƙa'ida ba) da ya ambaci `__run_timers` shi ma haka. `possible circular locking dependency` mai ɗauke da `(work_completion)` kiki-kakan mataki na 4 ne, lockdep (mai sa ido kan jerin makullai) ya hango shi tun bai faru ba. Sai dai hanyoyin da aka bi kawai yake gani, dole aikin ya gudana kuma sokewar ta gudana a zama ɗaya. `blocked for more than 120 seconds` kuwa ya riga ya faru. SysRq-t (umarnin gaggawa na kanel) zai nuna wa ke jiran wa da halin layukan. Don gwada barci ba tare da kwanciya ta gaske ba, rubuta `devices` a `/sys/power/pm_test` sannan `mem` a `/sys/power/state`. In kana zargin yawan shigar aikin layi, kunna `workqueue:workqueue_queue_work` a `/sys/kernel/tracing/set_event` ka ƙirga. Ka gina sau ɗaya da HZ=100, yawancin kurakuran rabawa a nan suke fitowa.

Mataki na 10: Rubuta abin da ka gani

"Ina jin akwai rige-rige a nan" ba ya kai kowa ko'ina. Ka zana shafi biyu, CPU0 da CPU1, ka jera kiraye-kirayen layi bayan layi har inda aka taɓa sakakkiyar memori ko aka cije. In ka kasa zana shi, wataƙila babu shi. In ka zana, gardama ta ƙare. Ka bambanta abin da ke hana karɓar facin da abin da shawara ce kawai, kamar sauya `HZ / 10` zuwa `msecs_to_jiffies(100)`.

Facin da ke cewa ya gyara taɓa memori bayan saki ta hanyar ƙara `cancel_delayed_work_sync()` layi ɗaya shi ma sai ya bi matakan nan duka, gajartarsa ce ke sa a sa masa hannu da wuri. Ka tabbata an toshe masu ɗanawa kafin layin, ba makullin da aikin ke nema a hannu, kuma `INIT_DELAYED_WORK` ya gudana a kowace hanya da ke kaiwa nan. In shiryawar na cikin `if` na wani samfurin na'ura kawai, sokewar za ta taɓa aikin da ba a shirya ba a sauran samfuran, `__flush_work()` kuma zai yi gargaɗi don fankshin ɗin babu shi. Ka duba layin `Fixes:` da `git blame`, ya nuna facin da ya fara kawo ɗanawar ko ya sauya jerin rushewar, domin da shi masu kula da tsofaffin rassa ke sanin iya inda gyaran zai koma, da kuma ko `disable_delayed_work_sync()` na nan a can ko sai an rubuta musu na tuta da makulli. Bayan nan ne `Reviewed-by:` ɗinka zai hau.